Abin da Waisale Ya Faɗa Kafin Ya Karɓi Haƙori

Waisale Naulu taubashina ne, ɗan kawuna. Tare muka tashi a bakin kogin Rewa, tare muka koyi tuƙa kwale-kwale, kuma kafin ya shiga soja babu mai surutu irinsa a ƙauyenmu. A 1958 aka kwashe su da wasu sojojin Fiji zuwa Tsibirin Kirsimeti, inda Turawan Ingila ke gwajin bam na nukiliya. Bayan shekara ya dawo da akwatin ƙarfe da agogon hannu, gashin kansa yana zuba ɓangare-ɓangare.

Na ce masa, "Taubashi, Turawa ne suka yi maka aski, ko ɓera ne?"

Ya yi ɗan murmushi bai rama ba. Taubashi ya ƙi ramawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce an rantsar da su, kada su faɗi abin da suka gani.

Ya koma noman gwaza, ya auri Vasiti. Ciki biyu suka zube. Na uku namiji ne, ya zo da kai a kumbure, kwanansa tara ya koma. Matan ƙauye suka ce jinin gidan su Vasiti ne, har uwar Waisale ta faɗa mata haka a gaban mutane. Vasiti ta haɗiye. Sai a 1966 aka haifi Litiana lafiya lau, daga ita babu ƙari.

Litiana tana da shekara ashirin da uku, tana ɗinki a Nausori, wani direban bas mai suna Apenisa ya ce yana sonta. Aka sa ranar Asabar danginsa za su kawo tabua, haƙorin babbar dabbar teku da ake neman aure da shi. Idan uba ya karɓa, magana ta ƙare.

Saura kwana biyar Waisale ya je jana'izar wani da suka yi soja tare, wanda ciwon dajin jini ya kashe. Washegari na same shi a gona zaune kan kututture, adda a ƙasa.

Ya ce, "Mu bakwai muka haɗu jiya. Huɗu sun binne 'ya'ya. Ɗaya bai taɓa haihuwa ba. Jikar ɗayanmu Ilaitia kuwa ba ta da yatsu a hannun hagu."

"To me za ka yi?"

"Zan gaya wa mutanen nan."

"Kana hauka? Yarinyar lafiyarta ƙalau. Karɓi haƙori ka rufe bakinka, ai ka iya."

Ya dube ni, ya ɗauki addarsa.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, su tara. Aka shimfiɗa tabarmi, aka dama kava, abin shanmu na gargajiya, aka tafa aka sha. Jagoransu yayan mahaifin Apenisa ne, Sakiusa, dattijo mai ƙaton jiki. Ya durƙusa, ya ɗaga haƙorin da igiyarsa, ya yi doguwar magana mai daɗi a kan gidaje biyu. Litiana tana bayan labule da uwarta. Sakiusa ya miƙa hannu.

Waisale bai miƙa nasa ba.

Hannun Sakiusa yana nan a miƙe.

Waisale ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ajiye shi a tabarma tukuna. Akwai abin da ya kamata ku sani, in kun ji sai ku sake miƙowa, ko ku fasa."

Sai ya fara. Ya ce wata safiya a can tsibirin aka tara su a kan yashi, daga su sai gajeren wando da riga. Aka ce su zauna su juya wa teku baya, su danne idanu da tafin hannu. Wata murya tana ƙirga a lasifika. Da ta kai ƙarshe, ya ga ƙasusuwan hannunsa ɗaya bayan ɗaya, alhali idonsa a rufe. Zafi ya bi bayansa kamar an ɗora masa dutsen guga. Aka ce su juyo su kalla, suka ga wuta tana hawa sama, sai iska ta zo ta kwantar da su. Wanda ke gefensa ya yi fitsari a wando, yana kiran uwarsa.

"Da yamma aka ba mu shebur. Tsuntsaye ne ko'ina, wasu sun mutu, wasu sun makance suna karo da ƙafafunmu. Mu muka kwashe su da hannu. Kifin wurin muka ci, ruwan saman wurin muka yi wanka da shi. Sau uku aka yi ina can."

Ya faɗi lissafin da suka yi a wurin jana'iza. Ya faɗi ciki biyun da suka zube, da yaron da ya kwana tara.

"Likita bai taɓa ce mini ga dalili ba. Amma ni a zuciyata na daɗe da sanin ba daga Vasiti ba ne. Daga ni ne. Ban san abin da na ba Litiana ba, ban san abin da za ta ba 'ya'yanta ba."

Labule ya buɗe. Vasiti ta fito, abin da mace ba ta yi a irin wannan zama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da ciki na biyu ya zube."

"Kana zaune uwarka ta ce jinin gidanmu ne."

"Ina zaune."

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta bi ta tsakiyar baƙi ta fita. Sakiusa ya ɗauki haƙorin a hankali, ya naɗe shi a ƙyalle, ya ce za su je su yi shawara. Apenisa ya buɗe baki, dattijon ya harare shi, ya yi shiru. Abincin da aka kwana ana gasawa a rami, mu muka raba wa maƙwabta.

Vasiti ta tafi gidan 'yan'uwanta. Litiana ta koma Nausori ba ta yi wa ubanta sallama ba. Ni nake kai masa dafaffen rogo da kifi, sau da yawa in dawo in tarar bai taɓa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya miƙe ya leƙa.

Sati na huɗu Apenisa ya zo da rana tsaka, da kayan aikinsa a jiki, daga shi sai wata tsohuwa, gwaggonsa. Sakiusa ya ƙi zuwa, ya kuma hana haƙorin gidansu. Na tsohuwar suka kawo, ƙarami, ya yi ja don tsufa.

Apenisa ya ce, "Baba, mun je asibiti a Suva ni da Litiana. Sun ce ba za su iya cewa e ko a'a ba. Litiana ta ce in gaya maka ta ji, kuma ita za ta ɗauki cikin, ba kai ba."

Waisale ya karɓa da hannu biyu.

Vasiti ta dawo saboda biki, ta zauna, amma ta fi shekara ba ta ci abinci a tabarma ɗaya da shi ba. Cikin Litiana na farko ya zube a wata na uku. Na biyu ta haifi mace, Salanieta, da komai nata cikakke. Waisale ya yi kwana shida bai yarda ya je ganin jaririyar ba, sai da Vasiti ta ɗauko masa rigarsa ta coci ta jefa masa a cinya, ta ce bas na ƙarfe takwas ba ya jira.

Bayan nan ya shiga ƙungiyar tsofaffin sojojin tsibirin, duk inda aka kira shi ya je ya faɗi abin da ya gani. Ya rasu a 1996, ciwon jini. Vasiti ce ta yi jinyarsa wata biyar. Salanieta yanzu tana koyarwa a Lautoka, tana da ɗa guda, kuma duk lokacin da yaron ya yi zazzaɓi sai kakarsa Litiana ta hau mota ta tafi.