Mai Gyaran Talabijin da Hazon Tashar Jirgin Ruwa

Ekkehard Pohlmann ya shekara arba'in da ɗaya yana gyaran talabijin a garinmu, a wani ɗan shago tsakanin gidan burodi da kantin magani. A lokacin ƙuruciyata, duk gidan da ka shiga, in ka leƙa bayan talabijin za ka ga 'yar farar takardarsa a manne, da ranar gyara da rubutun hannunsa. Da aka kawo talabijin na zamani, masu faɗi marasa kauri, waɗanda in sun lalace sai bola, sana'ar ta mutu a hannunsa. Ya rufe shago, ya kwashe abin da zuciyarsa ba ta iya zubarwa ba ya jibge a gareji. Matarsa Renate ta yi mita har ta gaji.

Na bar garin ina da shekara goma sha tara, na yi karatun zane da kwamfuta a Kanada, na dawo bayan shekara goma sha ɗaya. Na tarar an mayar da shagonsa wurin aski. Shi kansa kuma na same shi a inda ban zata ba, a ƙungiyar masu son Jirgin Gishiri.

Jirgin Gishiri wasan kwamfuta ne da ya fito a 1992, a kan faifai biyar. Babu harbi, babu tsere. Wani matuƙin jirgin ruwa kake ja daga wuri zuwa wuri yana neman jirginsa da ya ɓata. Ka tsinci igiya nan, mabuɗi can, ka yi hira da mutane, ka gano abin da za ka ba wane ya buɗe maka hanya. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rushewa, kwamfutocin yau kuma ba sa karanta shi. Sai mutum tara a garinmu suka ce za su sake gina shi, da sabon zane da sabon sauti, su raba kyauta. Suka yi wa ƙungiyar rajista, da shugaba da sakatare da kundin taro, suna haɗuwa duk Laraba da ƙarfe biyar a zauren 'yan kwana-kwana. Dokar farko a tsarin mulkinsu ita ce ba za a saki komai ba sai da izini a rubuce daga mai haƙƙin wasan. Ita ce Gudrun Wesseling, wadda ta zana hotunansa sittin da biyu da hannunta, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka yi shi.

Ekkehard bai iya rubuta wa kwamfuta umarni ba, bai iya zane ba. Wani ne ya kawo masa tsohuwar kwamfuta gyara a 1994, da faya-fayan wasan a cikin kwali, bai kuma dawo ya karɓa ba. Shi da Renate suka cinye hunturu guda a kan wasan, ita tana zana taswira a takarda, shi yana dannawa. Abin da ya kawo shi ƙungiyar ke nan. Aikinsa jera kujeru, jan wayar lantarki da dafa kofi. Kowa Kawu Ekke yake kiransa, kuma kowa yana sonsa irin son da ake yi wa tsohon agogon bango.

Ni aka ba wa zanen. Na ɗauki kowane tsohon hoto na faɗaɗa shi a kan babban allon kwamfutata, har kowane ɗigo ya fito sarai kamar ƙwayar wake, sannan na bi shi na sake zanawa. Haka aka koya mini, kuma na yi alfahari da cewa ban ƙara komai daga kaina ba. Shekara biyu na yi ina wannan aiki. Sau ɗaya Kawu Ekke ya tsaya a bayana da butar kofi, ya ɗan jima yana kallo.

"Maike, 'yata, a gilashin da ba nasa ba kike kallonsa."

Torben, shugabanmu, wanda direban motar kashe gobara ne kuma bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Kawu, ka ji da kofi. Na makon jiya ma kamar ruwan wankin safa."

"Kai da ka sha kofuna uku?"

"Don kada ka ji kunya na sha."

Aka yi dariya, maganar ta bi iska. Ni ma na yi dariya.

Da muka gama, muka buga hotuna goma sha biyu a takarda mai kyau muka aika wa Gudrun Wesseling, da wasiƙar neman izini. Amsarta ta zo a cikin mako guda, layi huɗu. Torben ya karanta mana a tsaye.

"Na ga hotunan. Ban san wannan garin ba. Ban taɓa rataya komar kamun kifi a tashata ba, kuma matar mai masauki ba ta fama da ƙuraje. Ban yarda ba."

Torben ya kira ta a waya, ya yi ta magiya. Da ƙyar ta ce za ta sake dubawa sau ɗaya, ranar Lahadin farko ta watan Maris, a gidanta. In bai yi mata ba, kada a sake rubuto mata. Mako shida ke nan. In ta ƙi, aikin mutum tara na shekara huɗu zai zauna a aljihun tebur.

Na buɗe tsohon hoton tashar jiragen a gaban kowa. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: daga saman ruwa har rabin gidaje, ɗigo fari, ɗigo shuɗi, ɗigo fari, kamar saƙar tabarma.

"To in wannan ba koma ba ce, mece ce?" na ce. "A tashar masunta fa muke."

"Tsufa ne," in ji Torben. "Shekara saba'in da huɗu. Ta manta abin da ta zana."

Kawu Ekke ya ajiye buta. "Torben, ka iya bakinka. Ni ma saba'in da uku gare ni, kuma na tuna ranar da ka cusa cokali a talabijin ɗin babanka." Ya juyo gare ni. "Ki zo garejina ranar Asabar da hantsi. Ki zo da idonki kawai."

Na je. Torben ma ya biyo ni, wai don ya ga dabo. Kawu Ekke ya riga ya zaro wani tsohon allon kwamfuta daga ƙarƙashin tarkace, irin mai tudun baya da gilashi mai kumburi, ya cire masa murfi. Kwana biyu ya yi yana sauya masa kayan ciki da suka bushe, garejin duk ƙaurin dalma. Na lura hannunsa na hagu yana cikin aljihu, da dama kaɗai yake aiki.

"Kawu, sanyi kake ji?" in ji Torben.

"Akwatin nan ko an cire shi daga wuta yana riƙe da abin da zai jefa ka bango. In ka sa hannu biyu, ta ƙirjinka za ta bi. Maigidana da ya koya mini aiki, sai da ya ɗaure mini hannu da igiyar takalmi wata guda. Matsa baya, kai da ba ka jin magana."

Ya jona tsohuwar kwamfutar, ya zura faifai na biyu. Allon ya yi ƙara, ya ɗan yi duhu, haske ya taso a hankali daga tsakiya. Sai ga tashar.

Babu koma. Hazo ne, irin na sassafe a bakin teku, ya kwanta a kan ruwa, gidaje suna leƙowa ta cikinsa. Fitilar wata gada tana haskawa ta cikin hazon, gefenta a dushe. Na matsa kusa har hancina ya kusa taɓa gilashin, na ga ɗige-ɗigen suna nan yadda na san su. Na ja baya taku ɗaya, suka narke.

"Launi goma sha shida kacal na'urar take da su," in ji Kawu Ekke. "In matar nan tana son na goma sha bakwai, sai ta jera biyu kusa da kusa, ta bar wa gilashi ya gauraya. Wannan gilashin ba ya yanka ɗigo, shafa shi yake yi. Rabin zanen nata ne, rabi na akwatin. Ke kin ɗauki nata rabin kaɗai."

Ya ja matuƙin ya kai mu masaukin da ke cikin wasan. Matar da na cika wa kumatu da ƙuraje, ashe kunya ce ta sa fuskarta ja. Labulen da na zana mai gida-gida a tagar, ashe hasken fitila ne a kan gilashi.

Torben ya matso kusa da gilashin. Can ya ce, "Kawu, don me ba ka faɗa ba tun farko?"

"Na faɗa. Ka ce in ji da kofi."

Daga ranar na kwashe kayan aikina na koma garejin. Sabon allo a dama, tsoho a hagu, ni a tsakiya da rigar sanyi biyu. Hotuna arba'in da ɗaya ne suka buƙaci gyara. Kawu Ekke yakan zauna a kujerar lambu yana lura da akwatin kamar mai jinya, in ya yi zafi ya kashe ya ce in je in miƙe ƙafa. A mako na huɗu komai ya rikiɗe ya zama kore. Na ƙwala wa Kawu kira. Shi ko a jikinsa, ya farke wani talabijin da ya shekara ashirin a kan kanta, ya ciro abin da yake so, kafin azahar launi ya dawo. Renate ta shigo da miyar dankali ta same shi yana fito.

"Kin ga yadda yake rawar kai," ta ce mini. "Shekara goma sha biyar ina cewa ya zubar da tarkacen nan. Yanzu kuma na shiga uku, ba zan sake jin ƙarshen maganar ba."

"Ba za ki ji ba kuwa," in ji shi.

Ranar Lahadin muka tafi mu uku a motar Torben, tafiyar awa biyu. Kawu Ekke ya dage sai an tafi da tsohon allon da tsohuwar kwamfutar, ya naɗe allon da bargo ya ɗaura masa bel kamar fasinja. Gidan Gudrun Wesseling a hawa na uku yake, babu na'urar hawa. Torben ya rungumi akwatin yana nishi, Kawu yana binsa a baya.

"A hankali, sarkin ƙarfi. In ka fasa shi, kai zan jona wa wayar."

Ita 'yar ƙaramar mace ce mai gajeren farin gashi. Ta riga ta shirya kofi da kek ɗin tufa, amma fuskarta ba ta ba mu wani fata ba. Sai da ta ga abin da Torben ya dire a kan teburinta ta tsaya.

"A ina kuka samo wannan?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe," in ji Kawu Ekke. "Ni mai gyara ne. Na ga ya kamata ki fara ganin naki kafin ki ga namu."

Ya kunna. Tashar ta taso. Ta jawo kujera ta zauna, ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ta ce rabonta da ganin wannan hazon tun shekarar da kamfanin ya rufe. Jikokinta sun nuna mata hotunan a waya, ta ga abin kamar tsumma, har ta fara zaton ko da can ma haka suke, ita ce take yi wa kanta ƙarya.

Na buɗe sabon a gefensa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sittin da biyun, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kofi ya huce. A hoto na talatin ta ce inuwar bishiyar ta yi nauyi, na rubuta. A na hamsin da uku ta ce nawa ya fi nata, ban rubuta ba, amma ban manta ba. Da ta kai ƙarshe ta juyo ta dube ni.

"Ke kika zana komar?"

"Ni ce."

"Koma ce mai kyau. Kawai dai ba ta da wurin zama a nan." Ta miƙa hannu. "Ina takardar?"

Torben ya zaro ta daga jaka ya miƙa mata. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ɗauki alƙalami ta ƙara layi ɗaya kafin ta sa hannu: a jerin sunayen masu zane, bayan nata da nawa, a sa Ekkehard Pohlmann.

"Ranki ya daɗe, ban taɓa zana ko kaza ba."

"Ban tambaye ka ba. Zauna ka ci kek."

Ya zauna ya ci yanka biyu. Ita kuwa ta jawo tsohuwar kwamfutar gabanta ta fara jan matuƙin a bakin tasha, ta kai shi gada, mai gadi ya hana shi wucewa. Ta gwada igiya, ta gwada mabuɗi. Sai ta ce mana ita zane kawai ta yi, ba ta taɓa buga wasan ya wuce nan ba.

"Malam Pohlmann, me wannan ɗan banzan yake so?"

Kawu Ekke ya goge bakinsa, ya jawo kujerarsa kusa da tata.

"Ba zan faɗa miki ba. Ni da matata mako biyu muka yi a gadar nan. Koma masauki ki sake yi wa matar magana."