Rafin da Baffa Ke Wanke Sirinji

Rafin da ke bayan garinmu, kusa da Dayi, shi ne abu na farko da na taɓa so. Ina budurwa nakan zauna a bakinsa bayan na gama wanki, littafin soyayya a cinya, ina saƙa wa kaina miji mai dogon hanci da sanyin murya. Mijin ya zo, hancinsa daidai misali. Ni kuma na zama malama a kwalejin horar da malamai, ina koyar da waɗanda za su koyar da kimiyyar sinadarai a makarantun sakandare.

Da muka zo darasin gurɓatar ruwa, na yi ta faɗa wa ɗalibaina cewa ledar da aka jefar ba ta ruɓewa, rana ce ke dagargaza ta, ta koma ɓurɓushi, ta shige ruwa. Na ce sauran magani ma haka yake, ba ya mutuwa don ya narke. Suna rubutawa suna hamma. Sai na ɗebe su a bas, ƙarshen damina, muka nufi rafina.

Muka tace ruwa da farin ƙyalle, muka duba da gilashin ƙara girma. Ga ɗigo-ɗigon shuɗi da baƙi sun maƙale a zare. Zuciyata ta karye, kamar na ga tabo a fuskar masoyi.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya gangaro da ƙwarya cike da kwalaben maganin shanu da babban sirinji. Ya tsuguna zai wanke. Baffana ne, mahaifina. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma a gidanmu akwai kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana da ni, ta bakin Inna take isowa. Ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce ya yi kuskure ba.

Akwai wata ɗaliba mai surutu, 'yar wani ɗan kasuwa daga kudu, haifaffiyar Funtuwa, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ba ta san ko wane ne shi ba.

"Malama, ga darasi ya zo da ƙafarsa!" in ji ta. Ta matsa kusa da shi. "Sannu Baba. Ai wannan maganin namu za mu sha ke nan, mu da ba mu da ƙaho."

Baffa ya yi murmushi. "Yarinya, ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa. Haka muka taras."

Duk suka juyo suna jiran amsata. In na yi shiru, na koya musu cewa malami yana haɗiye gaskiya a gaban babba. In na yi magana, na kunyata mahaifina a gaban baƙi. Na je na durƙusa a gefensa.

"Baffa, barka da yini."

'Yar Funtuwa ta gane mahaifina ne, ta rufe baki da mayafi.

Idona a ƙasa na ce, "Dauɗar da ido ke gani ruwa na tafiya da ita, Baffa. Amma magani ba ya ɓacewa, gangarawa yake ga matan da ke ɗiba a ƙasa, da maruƙan da ke sha. Kaɗan-kaɗan cuta ke sabawa da shi, har ranar da za a yi allura ta ƙi ci."

Bai kalle ni ba. Ya miƙa hannu aka ba shi gilashin, ya daɗe yana duba ƙyallen.

"Wannan shuɗin fa?"

"Ledar ruwan sha ce, Baba," in ji ɗalibar, murya ta yi laushi.

Ya juya sirinjin a hannunsa, bai tsoma shi ba. Can ya dubi ɗalibar.

"Ke mai baki, tambayar mini malamarku. In ba a rafi ba, a ina zan wanke?"

Ta juyo da ladabin ƙarya. "Malama, wai in ji Baba, a ina zai wanke?"

Dariya ta ɓarke, har ni da ƙwalla a ido. Na ce a haƙa rami nesa da rafi, nesa da rijiya, a riƙa zuba ruwan wankin a ciki, kwalaben kuma a tara su wuri guda.

"Gaya mata na ji," in ji Baffa.

Samarin ajin suka ari fartanya a gonar da ke kusa, ya nuna musu wani tudu, suka haƙa yana yi musu tsiya wai hannunsu biro kawai ya sani. Da suka gama ya ɗauki ƙwaryarsa, ya fara hawa gangaren, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ke mai baki, gaya wa malamarku ta kawo ku gida. An dama fura."