Gurbin da Aka Bari Babu Suna

Ko da zan manta komai na zamana a Alƙahira, har da cunkoson motocin Hayyus Sabi' da fargabar jarrabawar baka, ba zan taɓa manta ranar da na kira kakata ina riƙe da hoton wani shafi na tsohon littafin ƙidaya ba.

Kakar nan tawa tana 'yar ƙarama mahaifinta ya kama hanyar Makka a ƙafa, ta Sudan, yadda mutanen zamanin da suke yi. Labarinsa na ƙarshe, wani alhaji ne ya ce ya gan shi a Masar yana karatu. Daga nan shiru. A gidan kawunta ta girma, ana yi mata gorin ubanta ya sami Balarabiya ya manta da ita. Ranar da zan taho karatu ta kama hannuna ta ce, "Kai mijin nan nawa marar cefane, in ka je ka bincika mini. Ba gado nake nema ba. So nake in san ko ya tuna da ni, kafin in same shi a can."

Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsofaffi. Sai da aka gaya mini jikinta ya fara ƙi sannan hankalina ya tashi. Na shiga bin masu sayar da littattafai a Darrasa, har wani ya nuna mini wata ma'ajiyar tsofaffin takardu. A can ake ajiye littattafan ƙidayar baƙin da suka zauna a ɗakunan ɗalibai na kusa da babban masallaci, domin a da sai an ƙidaya su ake raba musu burodi.

Mai kula da wurin wani dattijo ne Bamisire, wanda ba ya buɗe littafi sai ya gama shayinsa. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, "bukra" ɗinsa, wato "sai gobe", ta kusa sa ni in fasa. Amma mutumin kirki ne. Shi ya ce in daina farautar suna, in bi shafukan da aka tara mutanen ƙasashenmu, in nemi garinmu tukuna. Haka muka yi ta bi a hankali, yana karanta mini rubutun da idona ya kasa, har muka iske shi: sunansa, sunan mahaifinsa, garinmu, har da tsagen da ke kumatunsa. Wani littafin na gaba ya nuna ciwon ƙirji ya ɗauke shi ba da daɗewa ba, aka rufe shi a maƙabartar da ke bayan unguwar. Babu wata Balarabiya.

Sai dai a wajen iyali an rubuta mata ɗaya a ƙasarsu, da 'ya ɗaya. Gurbin sunan 'yar babu komai, sai ɗan rubutu a gefe cewa an tambaye shi ya ƙi faɗa. Sauran mutanen shafin kowa ya jero sunayen 'ya'yansa. Dattijon ya dube ni ya ba ni haƙuri da Larabcinsu ya ce, "Ma'alish ya ibni, wataƙila akwai wani abu a tsakaninsu." Raina ya ɓaci ƙwarai. Har na shirya yi mata ƙarya, na ga ba zan iya sallamar tsohuwa da ƙarya ba.

Da hantsi na kira wayar gwaggona aka kara mata a kunne. Na gaya mata rasuwarsa, ta yi masa addu'a. Sannan na ce, "Kaka, ya ce yana da 'ya, amma ya ƙi faɗin sunanki."

Sai na ji dariya haɗe da kuka. Ta ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin jirgi. Wane mutumin kirki ne zai kama sunan 'yar farinsa a gaban baƙo? Ko a gida bai taɓa kira na ba. In na shigo zaure sai ya kau da kai, amma kullum da ragowar furarsa a ajiye, ni kaɗai na san tawa ce. Da ya faɗi sunan nan, da na ce ba shi ka samo ba."

Kunya ta kama ni. Na san alkunyar ɗan fari sarai, babana ma ba ya kiran sunan yayanmu, amma da na gan ta da tawadar Larabci sai na kasa gane ta. Da na koma na ba dattijon labari, cire tabarau ya yi ya goge ido, ya kulle ma'ajiyar ya raka ni maƙabarta muka yi addu'a. Har gobe ina sa dattijon nan a cikin addu'ata.

Kakata ta rasu kafin in koma gida. Gwaggo ta ce a kwanakinta na ƙarshe duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa ubanta ya yi mata kunya har a Masar. Na gode wa Allah da ban ɓoye mata gurbin nan ba. Abin da na koya shi ne, takarda tana adana abin da aka rubuta, amma ma'anarsa tana wurin tsofaffinmu. Wanda ke da su a raye ya kai musu abin da ya samo yadda yake, tun suna iya karanta masa.