Shekarar da Gonarmu Ta Dare

Ranar da na fara jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, ina wurin aiki ne a wata ƙasa ta gabashin Afirka. Muna karin kumallo sai kofuna suka fara kaɗawa a kan tebur. Abokan aikina suka tashi duba na'urar auna girgizar ƙasa. Ni kuwa kwanukan jeren Kaka ne suka faɗo mini a rai, can ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure.

Kaka mahaifiyar Baba ce, ɗakinta na ƙasa yana daf da hanya. Da rani, idan manyan motoci suka shigo ɗaukar tumatir, kwanukanta kan yi ta ƙara har sai motar ta wuce. Ba mai kulawa. Mu yara hankalinmu yana bakin kanal, inda ruwa ke gangarowa da sanyinsa, ga warin ganyen albasa, ga kwanduna jibge a gefen hanya.

Wata shekara, ina aji huɗu na firamare, aka tsayar da ruwan kanal don gyara, gyaran kuma ya ja lokaci. Baƙar lakar gonakinmu ta bushe ta tsattsage. A gonar Baba tsaga ɗaya ta fi sauran: ta ratsa kunyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, idan ka zura kara sai ya shige duka. A makon ne rediyo ya ba da labarin girgizar ƙasa a wata ƙasa mai nisa, gidaje sun rufta kan mutane. Sai ga bangon ɗakin Kaka shi ma ya dare tun daga sama har ƙasa. Daga nan, duk motar da ta wuce kwanuka suka kaɗa, sai mata su yi salati su fito tsakar gida.

Maƙwabcinmu ya ce gonar ce za ta fara nutsewa. Baba ya daina zuwa, har ya fara zancen barin ta ya koma dako a Kano. Ya roƙi Kaka ta bar ɗakin, ta ƙi.

"Duniya a kan ƙahon wani sa take," in ji ta. "In ya gaji ya sauya ƙaho, ina za ka gudu? A bar ni inda nake."

Ni tsoron bai kama ni kamar yadda tambaya ta kama ni ba. A kan me san yake tsaye? Wa yake ba shi ciyawa? Na tambayi Kaka, ta ce bakina ya fi jikina girma.

Ana cikin haka Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya zo hutu. A jami'a yake karatun ilimin duwatsu, abin da mutanen gari ke yi wa dariya, wai an tura yaro birni ya koyo tsakuwa. Baba ya kai shi gonar, na bi su. Kawu ya durƙusa ya ɓaro laka ya murza, sannan ya sa aka ɗebo ruwa daga rijiya aka yi ta zubawa a bakin tsagar. Muka zauna a inuwar mangwaro. Da muka dawo, lakar ta kumbura, bakin ya fara haɗewa.

"Yaya, ƙishirwa ce," ya ce wa Baba. "Irin wannan laka in ta rasa ruwa sai ta tsuke. Ranar da aka saki kanal za ka neme ta ka rasa. Amma ɗakin Iya a kan irin lakar nan yake, kuma bangon ya riga ya rabu. Damina ba za ta bar shi ba."

Da yamma ya je ya tsugunna ya gai da Kaka, ya faɗa mata haka. Bai taɓa zancen sa da ƙahonsa ba. Ta ce in dai ruwan sama ne ta san halinsa. Washegari aka kwashe kwanukan zuwa ɗakin mahaifiyata. Da aka saki ruwa tsagar gona ta rufe, Baba ya koma ya dasa albasa. Bangon kuwa a ruwan farko mai ƙarfi ya zube, a daidai inda gadonta yake a da.

Amma kafin Kawu ya koma makaranta na tsare shi. Na ce, to ashe ƙasarmu ba ta motsi ke nan? Sai ya kai ni falalen dutsen bayan gari, inda mata ke shanya barkono. Ya nuna mini wani farin layi a jikin dutsen, kamar jijiya. Na bi shi da yatsa, sai ya yanke. Ci gabansa yana can gefe, kamar an yanka rake an goce da rabi ɗaya.

"Da a haɗe suke," ya ce. "Dutsen ne ya karye ya goce. Nan da kike tsaye gindin wani tsauni ne, tun kafin a yi mutane. Ƙasa ce ta matse ta tura shi sama, ruwa da iska suka cinye shi."

Na ɗora hannu na auna gocewar. Taƙina biyu da ɗan kai.

"Zai sake motsawa?"

"Ban sani ba. Nan ya daɗe da yin barci. Akwai inda har yau bai kwanta ba."

Da na kai wa Kaka labari, ta ce, "To, ko da sa ko babu sa, ashe dai ta taɓa motsawa."

Wuraren da ba su kwanta ba su nake bi yanzu. Aikina ke nan: in nemo karayar ƙasa mai rai, in auna yadda take gocewa, ko a san inda bai kamata a gina makaranta ko asibiti ba. Kaka ta rasu ina sakandare. Kawu ya tsufa yana koyarwa, har gobe in na dawo sai ya zaunar da ni ya yi ta tambaya kamar ni ce babba.

Bara na je gida da kayan awo, na ce bari in yi wa dutsen nan awon gaskiya. Na tarar da rami cike da koren ruwa. Masu fasa dutse sun cinye falalen, tsakuwarsa ta tafi ginin injinan casar shinkafa da ke bakin titi. Ban ga laifinsu ba, da shi suke ciyar da iyali. Na daɗe tsaye a bakin ramin da jaka a kafaɗa. Awon da ya rage wa wannan karaya a duniya taƙi biyu ne da ɗan kai, kuma hannun da ya auna ya riga ya girma.