Makunni a Kafaɗar Saidou

Saidou mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, kuma dogo ne har abin ya yi yawa. Kowace ƙofa ya zo shiga sai ya sunkuya kamar mai neman gafara. A shekarar 1983 ya sauka Riyad a hannun Abu Mansur, kafil ɗinsa, wato Balaraben da izinin zamansa na iƙama ke hannunsa.

Aikinsa ɗaya ne, ya fasa bango a tsofaffin gine-ginen unguwar Dira ya dasa ulba, ɗan akwatin ƙarfen nan da makunnin lantarki ke zama a ciki. Bangon ƙasa ne aka shafe da jibis, wata irin farar ƙasa, ka matsa masa ya zubo maka a ƙafa. Saidou kan yayyafa ruwa, ya jira, ya sassaƙa da cizal a hankali kamar mai cire ƙaya, ya cusa ulba ya liƙe. Tef ɗin awo kuwa, Allah ya kiyaye. Jingina yake da bango, inda kafaɗarsa ta tsaya nan ne wurin makunni. A garinsu da jiki magina ke awo, kuma bai ga ɗakin da ya faɗi saboda haka ba.

Shaguna da zaurukan maza ya yi ta yi, ba wanda ya ce uffan. Mai shago ya ɗan yi ɗage ya kunna fitilarsa, shi ke nan.

Da iƙamarsa ta kusa ƙarewa, Abu Mansur ya ce ya gyara gidan mahaifiyarsa tukuna, sannan a sabunta. Saidou ya tsorata ƙwarai, don in takardar nan ta mutu, zamansa ya mutu. Aka kwashe matan gidan zuwa unguwar Shifa wajen dangi, kamar yadda ake yi in namiji baƙo zai shiga, saboda haka ko inuwar tsohuwar bai gani ba. Ya zuba aiki na gani na faɗa, kowace ulba ta zauna daram, a kafaɗarsa.

Bayan matan sun dawo, Abu Mansur ya kira shi.

"Ya Saidou, uwata da ludayi take kunna fitila."

Cikin ladabi Saidou ya ce, "To, ina tsayinta?"

Kai, gara ma da ya zage shi. A Riyad ka tambayi mutum siffar uwarsa? Abu Mansur ya yi ja wur. Duk da haka ya bari a gwada sauko da makunni guda ɗaya. Tsohon bango bai yarda da rami biyu kusa da juna ba, Saidou na ɗora cizal sai jibis ya ɓalle tun daga sama har ƙasa.

Ba a sabunta iƙamar ba. Saidou ya yi baƙin ciki, ya yi kuka a bayan wani shago, ya ɗaure jakarsa da ulba uku da suka yi saura, ya koma gida.

Ƙauyensu babu lantarki, babu ma labarinta. Kwana kaɗan da isarsa ya sa mahaifiyarsa Delou ta jingina da bangon ɗakinta. Tana ta faɗa wai me kuma ya koyo a ƙasa mai tsarki. Ya yi alamar wurin dasa ulba daidai kafaɗarta, ya yayyafa ruwa, ya zauna yana jira bango ya sha.