Tsoho Mai Neman Namijin Shammar

Ga wani tsoho a kasuwar Ballaro, kwat a goge kamar ango, ya kusa shekara tsaye gaban tulin kawunan shammar, wani kayan miya mai ƙamshi da kai kamar albasa. Yana ɗaga wannan, yana shinshina wancan, yana leƙa wata takarda mai tabon mai.

"Baba, aurensa za ka yi?" in ji Nunziata mai kayan miya.

"'Ya'yana za su zo ranar Lahadi. Marigayiya matata ta rubuta a takardar girkinta a sayi namiji. Wanne ne namijin?"

"Mai tumbi, irinka! Siririyar ce mace."

Na rantse shekara hamsin yana cin girkin nan, bai san ƙofar kicin ba. Ya rungumi masu tumbi biyu, ya tafi, sai ga shi ya dawo.

"'Yata, ta rubuta gishiri yadda aka saba. Yaya aka saba?"