Injin ɓarar gyaɗar Baba

Bana shekara hamsin da rasuwar mahaifina, maƙeri a Mubi, kuma har yau ban gama shari'ar da ke tsakaninsa da ƙanensa, Bappa Hamman, a zuciyata ba.

Shekarar da aka jefa ƙuri'ar ko mu bi Najeriya ko Kamaru, su biyun suka fara ƙera injin ɓarar gyaɗa na hannu. Bappa ya haɗa nasa cikin wata guda, abu kamar akurkin kaji, ya kai wa manoman Vimtim. Ranar kasuwa suka dawo da shi suna faɗa. Ya gyara, ya mayar. Haka suka yi ta yi, yana shan zagi yana dariya.

Baba kuwa ya rantse nasa ba zai fita ba sai ya daina fasa ƙwaya ko ɗaya. "Abin da zai ɗauki sunana ba ya fita da aibu," in ji shi. Da gyaɗar rumbunmu kaɗai yake gwaji, irin da ya gada mai manyan ƙwaya. Mu 'ya'yansa mata mun sha ƙuli har ya gundure mu.

Damina goma sha huɗu yana goge rariyar ƙarfen injin nan. Ya gama, ya kwanta ciwo, ya rasu kafin kaka.

Bayan arba'in muka kai injin Vimtim, ina ta alfahari. Wata dattijuwa ta zuba gyaɗarta, na juya hannun. Laushi kamar ba ƙarfe ba. Sai gyaɗar ta zubo ƙasa da ɓawonta, ko ɗaya ba ta ɓaru ba.

Ta ce, "'Yata, wannan na babban gyaɗa ne. Tun shekarar da aka yi fari mun koma ƙarami, mai nuna da wuri. Babanki bai zo ya gani ba?"

Bai zo ba. Bappa ya sani tun shekara biyu baya, don zagin da ake masa ne ya gaya masa.

Yanzu wayar jikata kusan kowane mako sai ta nemi a sabunta ta. Nakan yi tunanin me Baba zai ce. Wataƙila ya kira masu ƙera ta maƙaryata, masu sayar da abin da bai dahu ba. Wataƙila kuma ya zauna ya yi ta tambaya, don mutum ne mai son sanin yadda abu ke aiki.

Injinan Bappa duk sun lalace da aiki, ko guntunsu ban sake gani ba. Na Baba yana nan a zaurenmu, bai fasa ƙwaya ko ɗaya ba, kamar yadda ya rantse. Ina son sa, kuma duk sanda na share masa ƙura sai raina ya ɓaci. Har yau babu wanda ya ci gyaɗar da ya ɓare sai mu.